Tseren akori-kura a Martinsville, gudu ne ko ɓarnar mai?

Baban Sultan: Salamu alaikum jama'ar gida. Na tashi da asuba na tarar da saƙonni cunkus a kan bidiyon nan da Kwamared ya turo na akori-kura suna zagaye fili, kowa na ta dariya wai Turawa sun rasa yadda za su yi da fetur. To ni dai filin nan na san shi, Martinsville kenan a jihar Virginia, daga Greensboro inda nake zaune tafiyar awa ɗaya ce, kuma na shiga na zauna na kalla da idona ba sau ɗaya ba. Ku bari in kurɓi shayi in dawo, akwai maganar da wlh ba zan bari ta wuce ba, musamman ta Ɗan Ferrari da ya ce wannan ba tuƙi ba ne.

Ɗan Ferrari: Hhhh Yaya ai ban janye ba. Hagu, hagu, hagu, hagu, har a tashi. Akuya a turke ma haka take yi kuma babu mai ba ta kofi. Ka kawo min filayen Formula 1 irin Monaco ko Spa mu yi maganar tuƙi.

Kwamared: Ni fa ba ruwana da rigimarku, abin da ya sa na turo shi ne na ga mota guda talatin da wani abu babu wadda ta ɗauko ko buhun masara ɗaya. Akori-kura babu kaya ai asara ce

Oga Ƙofar Ruwa: Baban Sultan kafin ka fara, ni tambaya ɗaya gare ni. Na tsayar da bidiyon na zuƙo shi sosai, ban ga layin ƙofa ba, ban ga hannun buɗewa ba, kuma fitilun gaba sun yi min kama da zane. Wannan mota ce ko gwangwani aka yi wa fenti?

Baban Sultan: Oga idonka idon sana'a ne, ka gano. Fitilun nan sitika ce aka manna, ƙofa kuma babu, direba ta taga yake zura ƙafa ya shiga sannan a ɗaure tagar da raga. Bayan da ake zuba kaya ma a rufe yake ruf saboda iska. Abin da ke ciki keji ne na fayif ɗin ƙarfe da aka yi wa walda, aka ɗora masa bodi mai kama da Ford F-150 ko Chevrolet Silverado ko Toyota Tundra, kujera ɗaya tak, inji mai silinda takwas, giya huɗu ta hannu, taya sulɓi babu zane ko ɗaya, maleji ma babu, agogon juyin inji suke kallo su san gudunsu. Kwamared in ka zuba mata buhun masara babu inda zai zauna.

Gasar sunanta Craftsman Truck Series, tana ƙarƙashin NASCAR, babbar ƙungiyar shirya tseren motoci ta Amurka, ita ce mataki na uku, sama da ita akwai biyu. A 1995 aka fara, tseren farko a Phoenix, Mike Skinner ya ci kuma shi ya zama zakaran shekarar. Dalilin akori-kura kuwa kasuwa ce kawai, a ƙasar nan ita ce motar manomi da magini da mai aikin famfo, Ford F ɗin nan ta fi shekara 40 babu akori-kurar da ta kai ta ciniki a Amurka, to kamfani yana so mutumin da ke zaune a benci ya ga mai kama da tasa ta ci ranar Asabar ya je ya sake sayen irinta.

Kwamared: Ina Hilux?

Baban Sultan: Ba a sayar da Hilux a nan sam. Tacoma ce ƙanwar, Tundra ce babbar, ita Toyota ta shigo da ita gasar a 2004.

Ɗan Tawa: Ƙasar da babu Hilux me sunka sani game da akori-kura? Ku gafarce ni 'yan Najeriya, mu nan mun san tseren gaske. Lokacin da Paris-Dakar ka bi ta Agadas da Tenere babana shina ba mu labari, kat-kat ta tashi tun safe babu hanya babu alama sai rairayi, in isansi ya ƙare maka ko ka ɓata sai Allah. Shi kansa mai gasar Thierry Sabine da ya mutu a 1986, a cikin Tenere anka watsa tokar shi. Kuma Hilux ta ci Dakar a 2019 da Nasser Al-Attiyah, ta sake ci 2022 da 2023. Wannan shi ne gwajin mota. Ba kewaya masussuka ba.

Baban Sultan: Ɗan Tawa ban raina Dakar ba ko kaɗan, amma abu biyu. Na farko Hilux ɗin Al-Attiyah ita ma kejin fayif ce da riga, ba irin ta tashar Agadas ba ce, duk kanwar ja ce. Na biyu kuma ka ji abin dariya, waɗanda suka fara kai wa NASCAR shawarar a yi tseren akori-kura a kwalta 'yan tseren hamada ne, irin masu gudu a hamadar Baja ta Mexico, su suka ƙera samfurin farko. Wato danginka ne suka haifi abin da kake zagi.

Ɗan Tawa: To sun ɓata bayan sun girma

Maman Ilham: Ni fa har yanzu ban ji amsar Ɗan Ferrari ba, kuna ta kewaye-kewaye kamar motocin. Mene ne wahalar a ciki?

Baban Sultan: Yauwa Hajiya. Filin Martinsville zagayensa mil 0.526 ne, wajen mita 847, duk cikin filayen da ake cin maki a babbar gasarsu babu mai ƙanƙantarsa, kuma tun 1947 yake nan kafin ma a kafa NASCAR ɗin a 1948. Siffarsa ba ƙwai ba ce sosai, miƙaƙƙun hanyoyi biyu ne kowacce wajen mita 240, sai matsattsiyar kwana a kowane ƙarshe kamar lanƙwasar allurar kitso, kuma kwanar kusan a kwance take, karkatarta digiri 12 kawai. Zagaye ɗaya daƙiƙa ashirin ne ko kusa da haka. To ki lissafa, tsere zagaye 200, kowane zagaye sai ka taka totur har ƙasa sannan ka danne birki da ƙarfi sau biyu, sau 400 kenan, da mota mai nauyin tan ɗaya da rabi, ga wani a gabanka tazarar taku ɗaya ga wani a bayanka hancinsa na shafar bambarka, ga waɗanda kuka riga kuka yi wa zagaye sun cika hanya su ma suna faɗan kansu. In ka yi saurin birki da ƙiftawar ido na baya ya ture ka, in ka makara ka zarce sama ka bar ƙasa a buɗe motoci biyar sun wuce ka kafin ka samu ramin komawa layi. Babu inda za ka huta ka ce bari in numfasa.

Oga Ƙofar Ruwa: Tsaya tsaya. Birki sau 400 daga gudu zuwa ƙasa a cikin awa ɗaya da 'yan kai? Wane irin fad ne zai ɗauka? Mu nan tirela ta sauko gangara direba ya kwanta a kan birki minti goma sai ka ji ƙauri, man birki ya tafasa feda ta tafi ƙasa kamar ka taka tuwo.

Baban Sultan: Oga abin da ke faruwa kenan wlh. In da yamma ne ko an kunna fitilun fili za ka ga faifan birkin ya yi jajawur ta cikin rim kamar garwashin maƙera. Suna sa tiyo mai kawo iska daga gaba zuwa birkin har da ƙananan fanka, duk da haka wani zafin yakan narkar da bakin taya inda ta kama rim, ta gaba ta dama ta fi yi, sai ka ji fau mota ta nufi bango. Shi ya sa masu wayon cikinsu ba sa danna birki kamar mahaukata a zagaye ɗari na farko, sukan ɗaga ƙafa daga totur da wuri su bar motar ta gangara cikin kwana, suna adana birki da tayoyin baya don zagaye talatin na ƙarshe. Wanda ka ga yana ta zafi da farko sau da yawa a ƙarshe shi ake wucewa kamar yana tsaye.

Malam Fiziks: Bari in sa baki kaɗan tunda an zo unguwarmu. Ɗan Ferrari, duk abin da ke tafiya a da'ira sai an sami ƙarfin da ke jan sa zuwa tsakiya, in babu ya tafi miƙe. A fili mai karkata sosai kamar Daytona, digiri 31, ita kanta hanyar tana tallafe motar tana tura ta ciki, shi ya sa can ba sa ɗaga ƙafa, suna kusan kilomita 300 a awa. A digiri 12 kuwa kusan duk aikin a kan robar taya yake. Kuma in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin da ake buƙata sau huɗu yake ninkuwa, to ƙarin ɗan gudu kaɗan a bakin kwana shi ne bambancin ka sha ta ko ta sha ka. Wannan a allo nake koya wa 'yan SS2 suna hamma, da na san da bidiyon nan da tuni na nuna musu.

Oga Ƙofar Ruwa: Malam to a gefen saiti fa, tunda hagu kawai take yi ai ba za a yi mata alaimin daidai ba ko?

Baban Sultan: Da gangan ake karkata ta Oga. Tayoyin dama sun ɗan fi na hagu faɗin zagaye, kamar ka kwantar da kofin shayi a ƙasa ka tura shi kaga ai da kansa yake lanƙwasa. Tayoyin gaba an kishingiɗar da su, nauyi an fi loda shi hagu, sifirin kowane kusurwa daban, iskar kowace taya daban. In ka sake sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya hagu za ta tafi da kanta. Direba yana magana da shugaban makanikai ta rediyo, ko ya ce hancinta ya ƙi juyawa tana neman bango, ko ya ce gindinta ke zamewa, in ya shigo wurin gyara sai a rage iska kaɗan ko a zura sifana ta baya a murɗa, ana canza taya ana zuba mai duk lokaci ɗaya. Kusoshin tayar guda biyar ma tun kafin tsere ake manna su a jikin rim da gam don kar a tsaya nema.

Oga Ƙofar Ruwa: Kai! Gam a kan noti. Yarana sai sun ɓatar da biyu a cikin ƙasa kafin su ɗaura taya ɗaya, gobe zan gwada musu

Ɗan Ferrari: Duk na ji, amma ku faɗi gaskiya, direban Formula 1 in aka ba shi wannan ai da hannu ɗaya zai cinye su yana waya.

Baban Sultan: Alhamdulillahi da ka faɗa da bakinka ƙanena. Wa ya ci wa Ferrari kambun direbobi na 2007?

Ɗan Ferrari: Kimi Raikkonen mana, wannan ai ko a barci

Baban Sultan: To Kimi ɗin naka ya zo ya shiga akori-kura a Charlotte a watan Mayu 2011, a motar ƙungiyar Kyle Busch, shahararren direban NASCAR, wadda tana cikin mafi kyau a filin, ya ƙare na 15. Kuma ba wanda ya yi masa dariya, cewa aka yi ya yi ƙoƙari a karon farko. Jacques Villeneuve zakaran 1997 shi ma ya taɓa a 2007 bai ci ko ɗaya ba. Wanda ya zauna ya koya da gaske shi ne Nelson Piquet ƙarami, shi ya ci biyu a 2012, Michigan da Las Vegas, bayan ya sha shekara yana koyo.

Kwamared: Innalillahi an kashe mana yaro da makaminsa hhhhh

Ɗan Ferrari: Tsere ɗaya ne fa ya yi! A ɗauko nasu a saka a Ferrari a Monaco mu ga ko zai gama zagaye uku. Kuma ni babban abin da ya sa ban ɗauke shi tsere ba, a bidiyon nan ƙiri-ƙiri wani ya daki bayan wani ya ture shi ya wuce, babu hukunci babu komai har 'yan kallo na tafi. A wajenmu wannan daƙiƙa goma ce ko a kore ka. Wannan ai dambe ne da mota.

Malam Fiziks: Nan kam ina bayan Ɗan Ferrari. In ƙarfi zai yi aiki ina amfanin gwaninta?

Baban Sultan: To nan ne ni ma ra'ayina ya rabu biyu, ba zan ɓoye muku ba. A fili irin wannan layi mai kyau ɗaya ne, na ƙasa jikin kankare, in mutum ya kafe a wurin yana tare ka ko ka fi shi gudu ba ka da hanya, to al'adarsu ta yarda ka ɗan taɓa masa bamba a tsakiyar kwana ya zame sama taku ɗaya ka shige. Ka motsa shi, ba ka juya shi ba. Wanda ya iya, mutumin ma ba zai rasa komai ba sai matsayi ɗaya. Wanda bai iya ba ko mai mugunta shi ne zai watsa ka bango. Kuma babu alƙalin da ke rubutawa amma su suna rubutawa a zuciya, in ka yi wa mutum yau zai biya ka ko bayan wata uku ne, kowa ya sani, wannan tsoron ramuwar shi ne ɗan sandansu. Matsalar yaran yanzu da ke shigowa da kuɗin iyaye ba su taɓa kwana a gareji suna gyaran abin da suka fasa ba, su ba su san zafin ba. Wasan ƙarshe na 2023 a Phoenix abin kunya ne, Carson Hocevar ya juya Corey Heim suna cikin neman kambu, Heim ya dawo ya rama, aka yi ta ƙarin lokaci ana karo har sau huɗu kafin Ben Rhodes ya ɗauka, manyan direbobinsu da kansu suka fito suka ce abin ya yi muni.

Maman Ilham: Au, to ashe Ɗan Ferrari bai yi ƙarya ba

Baban Sultan: Rabin gaskiya gare shi Hajiya. Bari ma in ba ku labarin ranar da na fara zuwa don a ranar na ga duka biyun, gwanintar da haukan. 26 ga Oktoba 2013, ranar Asabar, ban daɗe a ƙasar ba, wani abokin aikina Bature dattijo ya matsa min sai na raka shi, ni kuma ina jin kunyar in ce a'a. Mun ajiye mota a cikin ciyawa a gangaren tudu muka taka, gari ne ƙarami filin kuma a tsakiyar gidajen mutane yake, ga layin dogo a bayansa jirgin kaya na wucewa ana cikin tsere. Ya miƙo min abin toshe kunne na ce ba na buƙata, ni da na girma kusa da masu injin niƙa. Da aka tayar da injinan nan gaba ɗaya wlh ban san lokacin da na fizge shi daga hannunsa ba, ƙarar ba a kunne kake jin ta ba a ƙirji take dukanka, ga ƙaurin roba ga ɓarɓashin taya na sauka a jikin riga. Kafin a fara an yi addu'a irin tasu an yi taken ƙasa. Kowa na cin wani jan tsiran burodi da filin ya yi suna da shi dala biyu, ni dai na riƙe gyaɗata da ruwa, kun san dalili.

Can kusa da ƙarshe Ty Dillon ya daki Kevin Harvick suka juya tare. To ku ji inda abin yake, Dillon jikan Richard Childress ne, Childress kuma shi ne mai gidan Harvick a babbar gasa shekara goma sha uku, kuma a lokacin Harvick ya riga ya sanar zai bar shi ƙarshen shekara. Ana tutar rawaya kowa na tafiya a hankali su biyu suna ta gurzar juna, Harvick ya shigo ya tsaya daidai wurin makanikan Dillon, suka yo kansa, wani ya ɗauko ƙatuwar guduma ya wurga wa motar! A gaban kyamara. Harvick ya fito ya ce abin da ya sa zai bar gidan kenan, yaran da aka ba komai a baki ba su san girman kowa ba. Washegari ya ba da haƙuri, mai gudumar kuma aka dakatar da shi.

Kwamared: Wannan ai rikicin tashar mota ne sak, yaron gida da jikan mai gida. Ashe ko'ina akwai

Baban Sultan: Ko'ina. Amma duk wannan hayaniyar a baya ake yin ta, a gaba akwai wani yaro ɗan shekara 20 a Toyota mai lamba 54 ta Kyle Busch, Darrell Wallace, wanda ake kira Bubba, ya ja gaba kusan rabin tseren, duk lokacin da aka sake tashi bayan tutar rawaya sai ya fice tsaf bai taɓa kowa ba. Da ya tsallake layi na ga dattijon nan nawa ya miƙe yana ta bubbuga kafaɗata yana ihu a kunnena, ni ban gane ba na ɗauka don mu biyu baƙaƙe ne ni da yaron yake taya ni murna, na ɗan ji wani iri ma. Sai a mota ya warware min. Ashe rabon da baƙar fata ya ci tsere a manyan gasannin NASCAR tun 1 ga Disamba 1963, shekara hamsin saura kaɗan.

Maman Ilham: Shekara hamsin?? Wane ne na 1963 ɗin?

Baban Sultan: Wendell Scott, mutumin Danville, garin bai fi kilomita 50 daga filin ba. Direban tasi ne kuma bakanike, ya yi aikin kanikanci a soja lokacin yaƙin duniya na biyu, shi ke gyaran motarsa da 'ya'yansa, wani lokaci shi zai fito ya canza tayarsa ya koma. Ranar da ya ci a Jacksonville ta Florida ya ba na biyu tazarar zagaye biyu amma aka ɗaga wa Buck Baker tuta aka ba shi kofi, sai bayan awanni mutane sun watse aka ce an sake lissafi Scott ne ya ci. Jihohin kudu na ƙasar Amurka ne a 1963, ku ƙarasa da kanku. Ya rasu a 1990 bai riƙe kofin ba, sai a 2021 NASCAR ta miƙa wa iyalinsa a Daytona. Da shekara ta zagayo 2014 Bubba ya dawo Martinsville da lamba 34, lambar Scott, da fentin motarsa, ya sake ci.

Oga Ƙofar Ruwa: Allah sarki. Bakanike ɗan'uwana. Wannan ta taɓa ni wlh, ka yi gyara da hannunka ka yi tuƙi da hannunka a ba wani kofi

Malam Fiziks: Bubba ɗin shi ne na motar Michael Jordan yanzu?

Baban Sultan: Shi ne Malam, lamba 23, ya ci Talladega 2021, Kansas 2022, ya ci Indianapolis 2025. Bayansa kuma akwai Rajah Caruth da ya ci tseren akori-kura a Las Vegas a Maris 2024, shi wannan a kwamfuta ya fara koyon tsere kafin ya taɓa motar gaske. Har ɗan asalin Najeriya ya shiga gasar, Jesse Iwuji, iyayensa daga gida suka zo aka haife shi a Texas, hafsan sojan ruwa ne, bai ci ba amma ya yi.

Ɗan Ferrari: A kwamfuta?? To ni ma ina da sitiyarin gem a ɗaki, a nemo min biza

Kwamared: Kai da ka ce akuya ce a turke

Maman Ilham: Ni tsorona rai. Uwa tana zaune tana kallon ɗanta a cikin wannan. Ba a mutuwa?

Baban Sultan: An mutu Hajiya. A akori-kura John Nemechek ya rasu a 1997 bayan karo a Homestead, Tony Roper a Texas a 2000. A farkon 2000 ɗin a Daytona motar Geoff Bodine ta tashi sama ta daki ragar da ke kare 'yan kallo ta kama wuta ta tarwatse, kejin kawai ya rage, kuma ya rayu, in kika ga bidiyon ba za ki yarda ba. Sai da babban gwarzonsu Dale Earnhardt ya mutu a Daytona a Fabrairu 2001 sannan aka tilasta abin da ke riƙe wuya da kai a jikin hular kwano, aka bi bangaye aka sa musu wani rufi na ƙarfe da soso mai shanye duka. Tun daga shi ba a sake rasa direba a tseren manyan gasannin uku ba. Mata ma suna yi, Natalie Decker ta zo ta biyar a Daytona a 2020.

Maman Ilham: To ko ba komai su a killace suke yi da hula da motar asibiti a gefe. Namu yaran ranar ɗaurin aure a tsakiyar titi suke juya motar babansu mutane na tsaye a gefe da yara, wancan watan a layinmu saura ƙiris a take mai awara. In son gudu ne a ba su fili mana.

Admin: Maman Ilham wannan maganar a buɗe mata nata zaren daban don na san inda za ta kai mu, an yi ta bara har mutum biyu suka fita.

Ɗan Tawa: Baban Sultan wata tambaya, shi wanda ya ci mi a ka ba shi? In kuɗi ne da yawa in sake tunani.

Baban Sultan: Akwai kuɗi amma ba shi ake yi wa kuka ba a Martinsville. Agogo ake bayarwa, irin dogon nan na katako mai tsayin mutum da ake jinginawa a falo yana kaɗa ƙararrawa, tun 1964 suke ba da shi saboda yankin garin masu aikin katako ne. Akwai direbobin da sun ci manyan kofuna amma suna cewa agogon nan ne ya rage musu.

Ɗan Tawa: Agogon bango. Mutum ya narke birki ya sha guduma a ba shi agogon bango. A Dakar ko Buzu na tagulla a ka ba ka

Kwamared: Shi ma ai ba ya ɗaukar masara

Oga Ƙofar Ruwa: Ku bar shirme. Baban Sultan in ka sake zuwa don Allah ka matsa kusa ka ɗauko min hoton tiyon iskar birkin nan ta ciki, da yadda suka ɗaure fankar, akwai wata Canter da ke zuwar min duk sati biyu da ƙonannen fad ina so in gwada mata wani abu.

Baban Sultan: In sha Allah Oga, sai dai sai na sayi tikitin shiga wajen gareji daban, na benci ba ya kai mutum can. Ƙarshen Oktoba suke dawowa.

Ɗan Ferrari: Yaya turo min cikakken na 2013 ɗin, ba wai na yarda ba ne, gudumar nake son gani

Baban Sultan: Ka nema a YouTube ka rubuta Kroger 200 2013, amma ka kalla tun daga farko kar ka tsallake, ka sa ido a kan lamba 54 inda yake ɗaga ƙafa kafin kwana. Ni zan fita lodi, sai na tsaya shan mai.

Ɗan Ferrari: Datata ba za ta kai zagaye 200 ba, minti nawa ne gudumar